Ɗigon da Na Bari a Tenere

Daren Lahadi ne, muna zaune a shagon Kawu a Agadas, ya jawo littafin da yake rubuta bashi, ya yago takarda ɗaya daga tsakiya, ya raba ta biyu. A kan kowace ya rubuta abu iri ɗaya: lambar motar da zan shiga, sunan direba, lambar Thuraya ɗin direban, wato wayar tauraron ɗan'adam, da lambar abokin cinikinsa na Dirku, garin da zan je. A ƙasa ya ja layi ya sa: bayan Magariba, kullum, a faɗi inda ake. Ya miƙo mini ɗaya, ya ninke ɗayar ya cusa cikin hularsa.

Ya ce, "Kun sallame Magariba, a kunna waya. In kun kira, to. In ba ku kira ba, ni zan kira. Magariba biyu suka wuce ban ji ku ba, ba zan jira ta uku ba."

Na ce, "Kawu, ai waya biyu gare ni, ga kuma fawa bank."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, kana wuce Turayat wayoyin nan naka sun zama tocila."

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Tun ina yaro yake Agadas, yana tura gero da sukari da taliya da ganyen shayi zuwa Kawar, yankin da Dirku da Bilma suke, a dawo masa da dabino da gishiri. A shekarar ciwon gwiwa ya hana shi hawa mota, ga kuma lissafi da ya cuɗe tsakaninsa da mutuminsa na Dirku, shi ya sa ya aiko in zo in je masa. Na baro Kano ta Daura, na tsallaka iyaka a Kwangwalam, na bi ta Matamai na kwana Damagaram. Daga nan kilomita wajen 450 ne zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisnat. Da na hango hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da laka, itatuwa sun tsattsargo daga jikinta, sai na ɗauka na gama ganin wahalar hanya. Ashe nan kwalta ta ƙare. Gaba akwai kilomita wajen 650 zuwa Dirku, kuma ba hanya ba ce irin wadda muka sani, sawun tayoyi ne kawai a kan rairayin hamadar Tenere.

A lokacin Litinin ita ce ranar tashi. Ran nan sojoji ke ɗaukar hanyar Dirku, kowa kuma yana son ya raɓu da su saboda 'yan fashi. Motarmu tsohuwar Marsandi ce mai ƙafa shida, an labta mata kaya har ta yi ciki, an rataye jarkoki a gefe da gefe, kowace an ɗinke ta cikin buhu don ruwan ya yi sanyi. Akwai ganga biyu ta ruwa, da salka ɗaya, da damin itace, don inda za mu ko tsinken sakace ba a samu. Mu 19 ne har da direba da yaran mota biyu. Ni, albarkacin Kawu, aka ba ni gaba. Sauran suna bisa kaya, an naɗe fuska sai idanu.

A lokacin dokar nan ta Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure tana aiki, sai a watan Nuwamban 2023 aka soke ta. Saboda haka masu Hilux da ke kai mutane Libiya ba su cika bin ayari a fili ba. Sukan tashi da dare, su kauce wa shingayen jandarma, su kauce wa rijiyoyin da aka sani tunda can ake tsare su. Direbanmu, wani Ba'abzine mai ƙarancin magana, ya nuna mini wata da ta gilma ta nesa, mutane sun zuro ƙafafu waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Ya ce, "Waɗancan in motarsu ta mutu, babu wanda ya san ta tashi, balle a ce ba ta iso ba."

Turayat tana da nisan kilomita wajen 80 daga Agadas. Tun kafin mu kai, sabis, wanda su can suke kira rezo, ya fara ɗaukewa yana dawowa. Na tura wa matata saƙo cewa mun kama hanya, zan kira ta kullum. Ban san me ya sa na rubuta "kullum" ba. Saƙon ya tafi, bayan ɗan lokaci sandunan da ke saman wayar suka ɓace gaba ɗaya.

A zangon farko na ga Thuraya ɗin. Direba ya ciro ta daga cikin safa, safar kuma tana cikin gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kujerarsa. Gaskiya da na gan ta sai da gabana ya ɗan faɗi. Mu a Najeriya sunan wayar nan ya ɓaci tun 2013, lokacin da sojoji suka hana amfani da ita a Borno, har ya zama in an ce wane yana da Thuraya sai a fara kallonsa. A nan kuwa kayan aiki ce kamar jak da shebur. Ya yi nesa da mota, ya zaro eriyar, ya fuskanci gabas kamar mai shirin tayar da salla, ya tsaya cik. Ba ta aiki a cikin mota ko ƙarƙashin rumfa, sai ta ga sama. Sai ta fara gano inda take, sannan ta kama tauraron ɗan'adam ɗin, wanda ke can sama da nisan kilomita wajen 36,000. Nisan nan ne ke sa murya ta yi jinkiri, ka yi magana ka ji shiru, kana sake buɗe baki sai amsar ta faɗo maka a kai.

Direba ya kira Kawu. Abin da ya faɗa ke nan: "Mun wuce Turayat, lafiya." Ya kashe. Ko sakan goma bai yi ba. A raina na ce wannan mutum ba shi da ladabi.

Talata da yamma muka iso Bishiyar Tenere. Bishiya dai babu. A da akwai wata ƙaya guda ɗaya tak a wurin, ita kaɗai a cikin ɗaruruwan kilomita, ayarin gishiri na raƙuma suna yin zango a gindinta, ba mai karyar reshenta ko don shayi. A 1973 wani direba ya banke ta da mota. Duk faɗin Tenere, ita ya samu. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Akwai rijiya a wurin, muka ƙara ruwa a jarkoki duk da ɗanɗanonsa ba daɗi. Nan na roƙi direba ya ba ni wayar in ji muryar matata, zan biya. Ya ce minti ɗaya. Ta ɗauka, ta ba yara, yara suka ba kakarsu, kakarsu ta shiga addu'a, wa zai katse uwa tana addu'a? Da na mayar masa da wayar ya duba abin da ya rage, bai ce komai ba, ya mayar da ita cikin safa.

Laraba da hantsi taya ta fashe mana. Kafin a canza, ayari ya yi gaba. Ba wani abin tashin hankali ba ne, don ayarin ba jeri ba ne kamar na ɗaurin aure. Motoci suna bazuwa, masu gudu su yi gaba, masu nauyi su biyo baya, a haɗu a rijiya. Sojojin ma ba tsayawa suke yi wa kowace taya ba. Matsalar ita ce iskar hunturu da ta taso bayan nan. Ƙura ta rufe ko'ina, rana ta koma kamar farin faranti, sawun da muke bi ya shafe a gaban idonmu. Tsofaffin tayoyi da gangunan da aka kakkafa don nuna hanya muka daina ganinsu. Direba ya ci gaba da tafiya da abin da ya sani a kansa, har muka faɗa wani wuri mai laushi, mota ta nutse zuwa cikinta.

Aka sauko, aka rage iskar tayoyi, aka haƙa, aka shimfiɗa faranten ƙarfe a gaban tayoyin. Ta fito, ta yi taku goma, ta sake zama. Aka sake. A karo na huɗu sai wani wari ya taso kamar an ƙona gashi da roba. Direba ya sa giya, inji yana ta kuka, mota ko motsi. Ya kashe ta, ya sauko, ya tsuguna ya wanke hannunsa da rairayi.

"Kuloci ya ƙone."

Babban yaron motar ya ce, "Maigida, babu wani a akwati?"

Babu.

Abin da direban ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai taɓa waya ba. Ruwa ya nufa. Ya sa aka sauko da duk jarkar da ke jikin motar, ta kowa da kowa, aka jera a gefen da inuwa take. Ya zura sanda cikin gangunan ya yi alama da wuƙa. Sannan ya ce daga yanzu ruwa a hannunsa yake: moɗa ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, ba wanka, ba wanke kwano, salla kuma da taimama. Wani ɗan kasuwa ya fara cewa jarkarsa da kuɗinsa ya saya. Wata tsohuwa Babarbariya da ke komawa gida Bilma, wadda kowa ke kira Iya, ta ce masa, "Alhaji, in mun mutu sai ka sha kayanka kai kaɗai." Ya yi shiru. Ga mu zaune a kan buhunan taliya da shinkafa, amma dafa su ruwa yake ci. Sai dabino da biskit, da gurasar da yaran mota suka kwaɓa suka binne a cikin rairayi mai zafi da garwashi, wadda Abzinawa ke kira tagela. Shayi kaɗai ne direba bai hana ba. Ina jin da ya hana, da shi za a fara yi wa bore.

Da muka sallame Magariba ya ciro wayar, ya kama tauraro, ya miƙo mini. "Kawunka ne, kai za ka gaya masa. Abin da ya rage kaɗan ne."

Ta shiga.

"Salamu alaikum, Kawu."

Shiru. Sannan, "Wa alaikumus salam. Kun wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

Wallahi bakina ne ya amsa da kansa. Mota ta mutu, mun bar hanya, ana auna mana ruwa da moɗa, ni kuma na ce lafiya lau.

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Kawu, dama..."

Ɗif. Kuɗi ya ƙare.

Na tsaya da waya a kunne. Mutum 18 suna kallona. Direba ya karɓe ta a hankali, bai kashe ba, ya ɗora ta a kan wata jarka, eriya tana kallon gabas, ya zauna kusa da ita ya harɗe ƙafa. Ko babu kuɗi a ciki, kira yana iya shigowa. Abin da ban sani ba shi ne ko Kawu zai kira, tunda maganar ƙarshe da ya ji daga bakina lafiya ce.

Daga baya ya ba ni labari. Ya ce da layin ya yanke har ya miƙe zai rufe shago, sai ya tuna ban faɗi inda muke ba. Litinin an ce Turayat, Talata an ce Bishiya, yau ba a ce komai ba. Ya je wurin wani maƙwabcinsa mai Thuraya, don kiran irin wannan waya daga wayar hannu yana cinye kuɗi kamar wuta a ciyawa. Minti ashirin da wani abu muka yi muna kallon jarkar nan kafin ta yi ƙara. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Wannan karon ban gaishe shi ba. Na ce kuloci ya ƙone, mun kauce hanya, muna tsakanin Bishiya da rijiyar Ashegur, mu 19, ruwa zai kai mu kwana huɗu in an yi tsimi. Ya ce in ba shi lambar wurin. Direba ya miƙo hannu zai duba a jikin Thuraya ɗin, ni kuma na ɗaga masa hannu, don tun da rana na riga na buɗe taswirar wayata. Abin da ke nuna wuri a wayar hannu ba ya buƙatar sabis, daga taurari yake karɓa kai tsaye, kuma ina ta alfahari da wannan sanin tun azahar. Taswirar ba ta nuna komai sai fili rawaya da ɗan shuɗin tabo a tsakiya, amma lambobin suna nan: 18.4512 da 11.0530. Na karanta wa Kawu yadda muke karanta lambar waya, biyu-biyu. "Sha takwas, arba'in da biyar, sha biyu. Sha ɗaya, sifili biyar, talatin." Ya maimaita, na ce haka ne. Ya ce mu zauna inda muke, kada kowa ya motsa. Can cikin dare saƙo ya shigo ɗauke da lambobin katin da ya saya mana, direba ya loda. Ya ce bari ya tura lambar wurin a rubuce daga wayarsa. Na ce ai na riga na bayar, kada a ɓata kuɗi.

Sanyin daren nan ban san da me zan kwatanta shi ba. Na sa riga uku da bargo, haƙorana suna haɗuwa. Iska ta kwanta, taurari suka sauko kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Shirun wurin har ƙara yake yi a kunne. An haƙa rami aka hura wuta a ciki don kada a hango ta daga nesa. Wajen tsakar dare muka ji kukan inji can kudu da mu, ƙasa-ƙasa. Wani saurayi mai zuwa haƙar zinariya ya zabura ya ce a kunna fitilun mota, a yi ham. Direba ya riƙe masa hannu. Ya ce mai tafiya da dare ba fitila, a wajen hanya, ko yana gudun hukuma ne ko yana neman irinmu, kuma daga nan ba ka iya bambancewa. Muka yi tsit har ƙarar ta ɓace.

Da gari ya waye saurayin nan ya ɗaure jakarsa. Ya ce hanya ba ta da nisa, ya ji da kunnensa, a ba shi rabonsa na ruwa ya je ya tare mota. Mutum biyu suka miƙe za su bi shi. Nan ne na ji direba ya yi doguwar magana, karo na farko. Ya ce a Tenere ƙarar da ka ji kamar a bayan tudu tana iya zama tafiyar wuni. Ya ce mota ana hango ta daga nesa, mutum kuwa ko ɗan tsako bai kai ba a cikin wannan fili. Ya tuna musu mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a watan Oktoban 2013 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace. An same su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, wasu uwa da 'ya'yanta. Ya tuna musu 44 da ƙishirwa ta kashe a 2017 a wannan yanki da muke ciki.

Saurayin ba wawa ba ne. Ya ce, "Ai waɗanda suka tsira a cikinsu, tafiya suka yi da ƙafa."

Direba ya ce, "Gaskiyarka. Su ba wanda ke zuwa nemansu, dole su tafi. Kai an san inda kake. In ka tashi, ka mayar da kanka irinsu."

Iya ta ce, "Zauna, ɗan nan. Uwarka ba ta aiko ka ka mutu da ƙafarka ba." Ta miƙa masa dabino uku. Ya kwance jakar, amma har yamma bai yi wa kowa magana ba.

Alhamis ta yi tsawo. Aka ɗaura tamfol daga jikin mota aka yi rumfa, kowa ya kwanta don kada a yi gumi. Da rana Kawu ya turo saƙo: mutuminsa na Dirku ya samo farantin kuloci a jikin wata matacciyar mota irin tamu, ya kuma sami wani ɗan Tubawa mai Hilux da ya san wurin kamar tafin hannunsa, sun taso da makanike bayan Azahar. Muka yi ta kallon gabas. Tun daga La'asar direba ya ɗora waya a saman kaya. Rana tana gab da faɗuwa ta yi ƙara.

Mai Hilux ne. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye. Ya ce ga shi tsaye daidai kan lambar da aka ba shi, ya hau tudu ya duba gabas da yamma, ko kashin raƙumi babu.

Direba bai ce uffan ba. Ya katse, ya shiga inda Thuraya ke nuna wuri, ya ƙura ido, sannan ya sake kira ya karanta da Faransanci, a hankali. Na ji "sha takwas" ɗin, amma abin da ya biyo baya ba arba'in da biyar ba ne. Ashirin da bakwai ne. Daga can ɓangaren aka yi wata magana da yaren Tubawa wadda ban ji ba, ban kuma nemi a fassara mini ba.

Ga abin da ya faru. Ana rubuta lambar wuri iri biyu. Wayata tana rubuta digiri ne da ɗigo, abin da ke bayan ɗigon kashi ne cikin ɗari ko dubu. Na'urar mai Hilux da Thuraya ɗin direba kuwa suna raba digiri ɗaya gida 60, kamar yadda awa take da minti 60. Saboda haka 18.4512 a wayata daidai yake da digiri 18 da minti 27. Ni kuma da na karanta biyu-biyu na haɗiye ɗigon, Kawu ya rubuta yadda ya ji, mutumin Dirku ya karanta wa mai Hilux, shi kuma ya shigar da digiri 18, minti 45, sakan 12. Digiri ɗaya kilomita 111 ne a ƙasa. Bambancin minti 18 ya kai shi kilomita 33 arewa da mu. Da ba shi da waya, ko da tamu ta mutu, da ya zagaya ya zagaya, mai ya yi masa ƙasa, ya koma Dirku ya ce bai gan mu ba.

Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi ciwo ke nan. Direba ya ce kawai, "Ɗan Kano, boko ya yi rana," ya tura lambar a rubuce kamar yadda ya so yi tun jiya. Na koma bayan mota na zauna. Ƙaramin yaron mota ya kawo mini shayi, ya ce, "Yaya, sha. Wani ma Libiya ya taɓa tura mai nemansa." Ban sani ba ko gaskiya ne ko lallashi.

Mai Hilux ya ce ba zai ratsa tuddan rairayi cikin duhu ba, zai kwana inda yake. Aka yi alkawari da asuba. Sai a lokacin direba ya yarda a ƙona taya. Tun Laraba mutane ke ce masa a yi hayaƙi, yana ƙi, don hayaƙi ba ya zaɓen wanda zai kira. Juma'a da sassafe aka mirgina fasasshiyar tayar nan can nesa da mota, ta inda iska ba za ta kawo wuta kan kaya ba, aka zuba mata gas aka cinna. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama kamar an kafa turke. Babban yaron mota ya hau saman kaya da madubin gefe da ya kwance, yana walƙa shi da rana. Lamba tana kawo mutum kusa, amma a tsakanin tuddai mota tana iya wuce ka da kilomita ɗaya ba ku ga juna ba. Wajen ƙarfe takwas wani ɗan tabo ya bayyana a arewa, ya ɓace, ya sake bayyana. Iya ta rangaɗa guɗa.

Mai Hilux ya sauko, siriri, rawani har hanci. Ya gaisa da direba, ya sauke jarka huɗu ta ruwa, sannan ya tambaya wane ne mai lambar. Aka nuna ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo hannu muka gaisa, shi ke nan.

Aikin ya cinye wunin. Makaniken ya sa aka haƙa rami a ƙarƙashin motar, aka shimfiɗa tabarma da buhuna don kada rairayi ya shiga inda bai kamata ba, aka sauko da akwatin giya da igiya da jak biyu, mu shida muna riƙe. Tsohon farantin ya fito baƙi ƙirin, ya suɗe kamar ƙasan tukunya. Kowane ƙusa da ya kwance a cikin hularsa yake sawa. Juma'ar ranar Azahar muka yi, raka'a biyu. Kafin Magariba direba ya tayar da mota, ya sa giya, ta yi gaba. Da aka sallame ya kira Kawu: "An gyara, gobe Ashegur." Ya kashe. Wannan karon ban ga rashin ladabi ba.

Mai Hilux ya ja mu har kan sawun hanya, wadda ashe ba ta wuce kilomita goma sha wani abu daga inda muka kwana uku ba. Saurayin zinariya ya kalle ni, na kalle shi. Wataƙila da ya kai, wataƙila kuma da ya saɓa mata da ɗan kaɗan ya wuce. Muka sha ruwa a rijiyar Ashegur, muka kwana, Lahadi da hantsi duwatsun Kawar suka taso a gabanmu kamar katanga, ga koren dabino a gindinsu. Muna dosar Dirku wayoyi suka farka a aljihun mutane, nan ƙara, can ƙara. Tawa ta yi ta kaɗawa kamar ba za ta daina ba. Saƙon matata goma sha ɗaya, na farko da fara'a, na tsakiya da fushi, na ƙarshe addu'a ce kawai. Ta kira Kawu ran Alhamis, ya ce mata ina hanya, hanyar ce ba sabis. Bai yi ƙarya ba. Mahaifiyata kuwa da na kira, abin da ta fara tambaya shi ne ko ina cin abinci.

Lissafin da ya kawo ni kwana biyu ya ɗauka, ashe buhu bakwai ne aka rubuta sau biyu. Na leƙa Bilma, kilomita wajen 45 kudu, na ga ramukan gishiri na Kalala da kantu jere a rana ana jiran ayari, na kai wa Iya gaisuwa, ta cika mini leda da dabino. Kafin mu juyo na sayi katin Thuraya biyu da kuɗina, na ba direba ɗaya, ɗayan na soke a cikin hulata.

Da na dawo Agadas, bayan an ci abinci, Kawu ya cire hularsa ya ciro takardar nan. A bayanta ga rubutunsa na daren Laraba: 18 45 12, 11 05 30. Ya ɗauki biro ya ɗiga ɗigo ɗaya bayan 18, ya ɗiga wani bayan 11, ya tura mini ita gabana. Sannan ya jawo littafin bashi, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunana a sama. Farantin kuloci da ladan makanike na mai mota ne, ya ce, kuɗin Hilux kuma shi da direba za su raba. Amma man da aka ƙona na kilomita 33 zuwa da 33 dawowa, da kwanan da mutumin ya yi a fili, da minti biyar na daren Talata, waɗannan nawa ne. Ya haɗa, ya ja layi biyu a ƙasa, ya tambaye ni ko zan biya yanzu ko a cire a cikin dabino.